Ƙarfen Mota a Ɗakin Goggo

Jummai, ke da ƙawayenki da kuke zama gindin ɗorawar ƙofar gida kuna cewa sana'ata ba ta da wuya, wai dama koko ne da tuƙa tuwo, direbobi su ci su tashi, ku matso in gaya muku yadda take. Ni tun ban iya ɗaura zane da kyau ba nake cikinta, yanzu ga ni da 'ya'ya uku, na goyen ma a kan buhun gyaɗa ya koyi zama. Kafin wata cikinku ta je ta roƙi uwarta tukunya, ta ji wannan tukuna.

Gidanmu kun san shi, a bakin burjin da ya taso daga Kunci ya nufi Birni. Ƙasarmu ba daji, inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, sai 'yar iyakar lalle ko gamba a tsakani. Saboda haka da an fara awon gyaɗa hanya ba ta hutawa. Jakuna su kai buhu bakin sikeli, manyan motoci su kwasa su kai Birni, su juyo wayam ko da gishiri da kananzir. Duk motar da ta wuce akwai mai jin yunwa a cikinta, kuma yawancinsu ƙofarmu suke tsayawa.

Abin da za ku fara koya ba girki ba ne, wuta ce. Itace a nan sai mai hali, da kara muke dafa komai, wutar kara kuwa yanzu ta tashi yanzu ta mutu. Sai kin zauna kina tura mata ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, hannu ɗaya a kan muciya, ɗayan yana korar yaro daga bakin murhu. Tukwane uku nake ɗorawa, ta ruwan koko da ta tuwo da ta miya, ga kaskon ƙosai a gefe. Ta tuwon ta ƙasa ce, ta girme ni, ba na yarda kowa ya goge ta da yashi. Muciyata ta ƙirya ce, inda nake riƙewa har ya lotsa. Sai mara biyu, da ludayin duma, da akusa na manya, da kwanonin sha masu fenti waɗanda duk bakinsu ya ɓantare. Gasara kuwa tun jiya ake jiƙa geronta, a niƙa a dutse, a tace, ta kwana ta yi tsami daidai. In ta zarce, direba zai kurɓa sau ɗaya ya ce yana sauri. In ba ta kai ba, ya ce kin ba shi ruwan wankin tukunya, kafin azahar kuma an ji labarin a Zakirai.

Sai kin san kowa da cikinsa. Akwai mai son tuwo da tauri, ya ce mai laushi ba ya kai shi Birni. Akwai wanda in ba ki ajiye masa ƙanzo ba ranar ba gaisuwa. Direbobin Kudu yaji suke so har sai kin ji tausayinsu, suna ci suna share hanci suna yaba miki. Akwai wani dattijo da ba ya cin miyar kuɓewa in zai hau hanya, wai tana sa ƙafa santsi a kan birki. Ban taɓa yi masa gardama ba, kuka nake kaɗa masa.

Goggo Asabe, yayar babana, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ita ta aurar da ni, a hannunta kuma na koyi duk abin da na sani. Ita ta fara ciyar da 'yan mota a hanyar nan, tun lokacin da in an ji ƙarar inji mata ke kwashe yara su shige ɗaki. Shekarar farko ba ta bar ni na taɓa muciya ba. Aikina ɗaya ne: in tsaya a ƙofar zaure ta ciki, in miƙa wa direba kwanon koko, in ci gaba da kallo har ya kai shi kan tabarma ya zauna. In na dawo ta ce, "Yaya hannunsa?" In na ce ban duba ba, kunnena ya sha ja.

Goggo tana cika kwano har baki, sai kokon ya yi tozo kamar zai zubo. Baƙi suna ɗauka yawan kyauta ce gare ta, su yi ta sa mata albarka. Kyautar tana nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Daga ƙofar zaure zuwa tabarma 'yar tafiya ce. Mutumin da ya yi barci ya ƙoshi zai kai kwanon ko ɗigo bai zubar ba, yana tafe yana ba'a. Wanda ya kwana a kan sitiyari, ko ya sha abin da bai kamata ba a wani gari, tun kafin ya juya kokon ya fara rawa, ya gangaro masa a yatsu. Zafi ne da shi kuwa, ba ya ɓoyuwa.

Sai maganar ƙarfe. Kun ga yadda ake tada motocin nan: wani lanƙwasasshen ƙarfe ake zurawa ta hanci, a wana da ƙarfi har inji ya kama. Direba ba ya barin sa a mota saboda ɓarayi da yaran gari masu ƙiriniya, sai ya shigo da shi ya jingina a bangon zaure ya ci abinci. To ƙa'idar Goggo ita ce, wanda ya zubar da koko, ƙarfensa ya shiga cikin gida. Mu nan ba kulle ake mana ba, muna zuwa rijiya muna zuwa gona, amma namijin da ba na gida ba iyakarsa zaure, kowa ya san haka. Ƙarfe in ya wuce asabarin nan, sai dai mai shi ya kwanta a tabarmar lungu ya yi barci. In ya tashi a sake cika masa kwano, ko da kunu ne ko ruwa. Ya kai lafiya, a miƙo masa kayansa.

Na tuna ranar da aka fara yi wa Dogo, wani direba ɗan Zakirai mai yawan surutu, wanda har yau a wurina yake ci. Ya taso da lodi, ya bi ta kan kajin maƙwabta bai gani ba, ya shigo idanu jajur. Na miƙa masa kwano, kafin tabarma rabi ya ƙare a rigarsa. Ina juyawa na ga Goggo ta riga ta zura hannu ta janye ƙarfen. Dogo ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, ya ce zai kai ƙara wurin dagaci, ya ce shi da ya ja mota har bakin teku ba tsohuwa ce za ta koya masa aiki ba. Goggo daga bayan asabari ta ce masa ƙarfen yana nan gindin turmi, in ya isa ya shigo ya ɗauka. Sauran direbobi suka fashe da dariya. Ya kwanta yana gunaguni, bai kai ƙarshen zagin da ya ɗauko ba sai minshari. Da la'asar ya tashi ya cinye tuwon mutum biyu, ya kai kwanonsa lafiya, ya ce da ma shi ya yi niyyar hutawa.

A cikin masu tsayawar nan Allah ya haɗa ni da uban yaran nan, wanda 'yan mota ke kira Ɗan Watari. Goggo ta ce ta yarda da shi ne don shekara da shekaru bai taɓa ɗiga mata koko a ƙasa ba. Ya sami fili manne da gidanta ya yi gini, darni ɗaya ya raba mu, da 'yar kafa da muke ratsawa. Da ƙafafunta suka fara ciwo tukwane suka dawo wurina, direbobi suka koma zaurenmu, ƙa'ida kuma ta biyo su. Motar da yake ja ta Alhaji Sambo ce, mutumin Kunci. Ina gane kukanta tun tana hayin rafi, don tana da wani tari in ta hau tudu. In la'asar ta yi sanyi ban ji tarin nan ba, miya takan sha gishiri sau biyu. Direbobi sun san dalili, sai su ci su yi shiru.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce bara waccan, da gyaɗa ta yi yawa har buhu ya yi wuyar samu. Ku kun ɗauke ta shekarar albarka, a gona kuwa haka ne. A hanya masu mota suka matsa wa direbobi, mai sawu ɗaya a yini aka ce ya yi biyu. Sai ga masu tallan magani a tire sun zo da wata 'yar farar ƙwaya, ba ta kai wake ba, suka ce tana hana barci. Da goro da shayi mai kauri muka san direba, kuma su ko an cika su barci yana kayar da su. Ita wannan ba ta kayuwa. Mutum ya kwana ya yini idonsa a bushe, yana ta zuba kamar garmaho.

Ni a tukunya na fara ganin ta, don mai shan ta ba ya cin abinci. Wanda ke tashi da malmala uku sai ya gutsiri ɗaya ya ture, ya ce a ba shi ruwa, ya sha ya ƙara, leɓe a bushe yana ta cizon haƙora. Tuwo ya yi ta kwana, muna ɗumame har yara suka ƙi shi. Na rage awo, na sauke babbar tukunya na kife ta a bayan ɗaki. Ƙarafa kuwa suka riƙa taruwa gindin turmi har na rasa inda zan tsaya in yi daka. Wasu direbobin suka daina tsayawa wurina gaba ɗaya don kada a ba su kwano. In sun zo wucewa sai su taka mota, ko ɗaga hannu babu.

Ɗaya daga cikin masu wucewar nan ne ya kifar da mota a mashigin rafi da rana tsaka, hanya fetal. Waɗanda ke gona kusa sun ce ya kauce wa wani abu da shi kaɗai ya gani. Shi ya tsira da karaya, mutum biyu da ke saman lodi ba su tashi ba. Bayan wannan, da wasu irinsa a wasu hanyoyi, Turawan kamfanin da ke sayen gyaɗa suka ce lasin kaɗai bai isa ba, sai da takardar likita. Aka ba kowane direba ranar da zai je asibiti a Birni. Kafin ranarka ta zo kana iya ɗaukar kaya, in ta zo ba ka sami takarda ba, ba lodi.

Ban taɓa shiga ɗakin likitan ba, amma na ji labarinsa a zaure har zan iya zana muku shi. Ya haska maka tocila a ido. Ya sa ka miƙe hannu biyu, ya ɗora fallen takarda a kai ya ga ko za ta kaɗa. Ya kama tsintsiyar hannunka yana duban agogo, ya saurari ƙirji da roba, ya ce ka hura masa numfashi. Ya ja layi da alli ka bi. Akwai allo a bango mai zane kamar sawun kaza, manya a sama ƙanana a ƙasa, ka tsaya nesa ka nuna da yatsu inda kowanne ya fuskanta. A ƙarshe malamin asibiti ya ba ka 'yar kwalba ka kawo fitsari. Da na ji ta takarda a kan hannu na je na gaya wa Goggo. Ta ce ashe Baturen yana da hankali, sai dai takarda ba ta ƙona yatsa.

Kwalbar nan ita ta fi tsorata su. Labari ya bazu a tasha cewa in likita ya ɗaga ta ya duba, duk abin da ka haɗiya tun bara sai ya gani. Ko gaskiya ne ban sani ba. Dogo dai ya yarda, kuma yana da abin ɓoyewa, sai ya sa ƙanensa mai kiwon tumaki ya cika masa wata kwalba a gida, ya ɓoye a aljihun ciki, ya juye a ta asibiti. Ashe ƙanen kullum yana cikin kududdufi, tsargiya ce da shi. Likita ya ce Dogo na da ciwo, ba takarda sai ya gama allurai. Dogo ya kasa cewa ba nasa ba ne. Ya yi ta zuwa ana tsira masa allura mai sa tashin zuciya, yana dawowa zaurena yana zama da gefe ɗaya, direbobi na tambayarsa yaya jikin ƙanensa. Daga baya shi da kansa ya kai ƙanen aka yi masa magani, kun ga an ci riba ta nan.

Ana cikin haka ranar maigidan nan ta ƙarato. Alhaji yana so a kwashe abin da ya rage a sikeli kafin ranar, saboda haka maigidan ba ya sauka daga mota sai dai ya yi salla. Na lura tuwonsa yana dawowa. Na lura ya daina ɗaukar wanda nake goyo a lokacin yana cilla shi sama, in yara suka yi motsi kuma ya daka tsawa, mutumin da ba shi da faɗa. Wandonsa sai da ya ƙara jan mazagi. Shi kuma ba a zaure yake karyawa ba, ɗaki nake kai masa in ajiye a gabansa, don haka tun da muka yi aure ban gwada hannunsa ba. Da na zo wanke rigarsa na ji wani ɗan ƙulli a aljihu cikin takardar sigari. Ban kwance ba na san ko mene ne.

Washegari da safe mota na ƙofar gida da lodi, ƙarfensa na jingine a zaure kusa da na sauran. Ya fito zai wuce bai karya ba, na tare shi a ƙofar zaure ta ciki da kwano cike har baki, a gaban mutane.

"Malam, karɓi ka sha ko kaɗan ne."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. "Ni za ki ba wannan? Kai mini ɗaki."

"Ɗaki yara sun ɓata shi. Ga tabarma can."

Dogo na kishingiɗe a lungu, ya ce, "Karɓi mana, Ɗan Watari. Kai da aka ba ka mata saboda hannu."

Ya karɓa. Yana juyawa kokon ya fara rawa, ya zubo masa a yatsu, ya sauya hannu, ya zubo a ɗayan. Ya dire kwanon a ƙasa ya ce yana sauri, bari ya ɗauko hularsa, ya shige ciki.

Nan fa ƙa'idar Goggo ta gaza, don ba a yi ta domin maigida ba. In na kai ƙarfen gindin turmi, gidansa ne, zai sa hannu ya ɗauka. Kuma na ji abin da ya gaya wa Dogo kwanan baya, wai ranar likita ƙwaya biyu zai haɗiya don a gan shi garau. In ya je a haka takarda ta tafi, mota ta tafi, tukwanena kuwa a shekarar nan ba za su riƙe gida ba. In kuma bai kai ranar ba, mashigin rafi yana kan hanyarsa safe da yamma. Na sunkuci ƙarfen, da goyo a bayana, na ratsa kafar darni, na tura shi ƙarƙashin gadon Goggo. Tana zaune a bakin gadon tana kaɗi. Ba ta tambaye ni na wane ne ba, ta san shi, akwai jan ƙyalle a mariƙinsa. Ta dai gyara zama ta sauke ƙafafunta a gaban wurin.

Kun san Goggo surukarsa ce. Tun ranar da aka ɗaura bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa cin abinci inda za ta gan shi ba, in ya hango ta a hanya sai ya sake wata. Ɗakinta kuwa ko gobara ake sai ya yi tunani. Ya zagaya ta ƙofar gidanta, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ɗaki kansa a ƙasa. Ina bayan darni ina ji. Ya gaishe ta, ta amsa. Ta tambaye shi mutanen Watari, da jikin babarsa, da yadda dawarsu ta yi, da saniyar kawunsa da ta ɓata shekarun baya ko an gan ta, ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗinta. Can ya yi ƙarfin hali ya ce wai akwai wani ɗan kayan aiki da aka shigo da shi nan bisa kuskure.

Goggo ta ce, "Akwai dai wani ƙarfe da nake ɗora ƙafata a kai, yana mini maganin sanyi. In na ji sauƙi zan aiko maka."

Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Me zai ce?

Ya dawo zaure neman aro, don ƙarfen wasu motocin yana shiga tasa. Ba wanda ya ba shi. Duk wanda ke zaune nan an taɓa shigar masa da nasa, shi kuma a lokacin yana cikin masu dariya. Dogo, da ke zaman jiran allurarsa ta ƙarshe, ya jawo ƙarfen da ya fi kusa ya danne da cinya, ya ce shi ciwon ƙanensa ya hana shi tashi. Turi kuwa, mota da lodi a cikin yashi, ko garin nan duka ya fito ba za ta motsa ba. Ya shigo gida ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce na tozarta shi a gaban abokan aiki, ya ce in tattara in bi ƙarfen. Na ce to, na ci gaba da tuƙi, don tuwon ya riga ya nuna zai yi gudaji. Ƙullin nan kuwa tun jiya yana cikin murhu.

Kafin azahar Alhaji Sambo ya iso a kan keke, ya tsaya a ƙofar Goggo yana faɗin asarar da ake ja masa. Goggo ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ta san shi tun yana kora jakuna zuwa Birni, kuma a lokacin in jaki ya gaji yana sauke masa kaya ya ba shi ruwa, ba ta san yaushe ya daina ba. Ta ce in yana so ta miƙo ƙarfen yanzu, amma ranar da likita ya hana takarda, ko ranar da aka tsamo gyaɗarsa daga rafi, kada ya zo ƙofar nan. Alhaji ya ja kekensa. Ya zo zaure ya sa aka kira masa direbansa, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce a juye lodin a motar wani da ya riga ya sami takarda, ya sa na ƙulle masa ƙosai, ya ɗaure a bayan keke ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne aiki mafi wuya da na taɓa yi a sana'ar nan, kuma a kan mutum ɗaya. Da farko barci ya ƙi zuwa, yana ta kai da kawo a tsakar gida yana gumi. Da ya zo kuwa ya zo gaba ɗaya, ya kwanta kamar an sare itace. Ina shiga in kara hannu a hancinsa, in fita in duba wuta, in dawo in sake karawa. Salla ma sai na yayyafa masa ruwa. Da ya farka sai yunwa. Na fara masa da kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, sannan ɗanwake, sannan tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na sa aka yanka zakaran da nake ajiye wa baƙi. Ba ya mini magana, amma akushi yana dawowa a suɗe. Kullum da safe in cika kwano in tsaya a bakin ɗaki, ba kowa sai mu biyu. Da farko ya ƙi karɓa. Da ya fara karɓa ya zubar. Ya ci gaba da zubarwa, amma kullum bai kai na jiya ba.

Ranar likita ya yi wanka ya sa farar riga, ya fita zaure da kansa inda mutane suke, ya ce in kawo. Na cika shi yadda Goggo ke cikawa, ban rage masa ko ludayi ba. Ya karɓa, ya taka har tabarma ya zauna, ya ɗaga kwanon ya nuna wa Dogo gindinsa a bushe. Da na koma ciki na tarar da ƙarfen a bakin kafar darni, an goge shi da man gyaɗa. Goggo daga can ta ce in gaya masa ƙafa ta yi sauƙi.

Ranar nan ban san sau nawa miya ta sha gishiri ba. Da la'asar na ji tarin motar a hayin rafi. Ya shigo da takarda, amma ba yadda muka zata ba. Hannu lafiya, ƙirji lafiya, layi ya bi, kwalba ba abin da ta ce. A allon sawun kaza ne ya tsaya a tsakiya, ƙananan suka cakuɗe masa. Likita ya ce idonsa na hagu ya rage gani tun da daɗewa, shi ya sa in rana ta faɗi yake fama da hanya har kansa ya yi ciwo. Ni da nake kallonsa kullum ban taɓa gane wannan ba, kwano kuma ba ya nuna ido. Aka ba shi takarda bisa sharaɗin ya sa tabarau, kuma tuƙin dare ba nasa ba ne. Alhaji ya saya masa tabaraun, direbobi suka koma kiransa Akawu, har yau kuma bai iya rubuta sunansa ba.

Yanzu sawu ɗaya yake yi, magariba a gida take samunsa. Ƙwayar ba ta ƙare a hanya ba, har gobe akwai masu taka mota in sun zo ƙofata, kuma duk wadda ta wuce a guje sai na tsaya ina sauraro har ta haye rafi. Amma tun da takardar likita ta zama dole da yawa sun dawo, babbar tukunya ta koma kan murhu. Wasu ma in ranarsu ta kusa, su suke cewa in cika musu su gwada.

Shi kuwa, ranar da ya dawo a gajiye ba ya jira a ba shi kwano. Sai in ga ya zagaya ƙofar Goggo, ya tuɓe takalmi, ya jingina ƙarfen a bakin ɗakinta, ya yi gyaran murya ya ce ya ji an ce ƙafar ta motsa.

To Jummai, in har yanzu kuna so, ku zo gobe da sassafe. Ba wadda za ta taɓa muciya. Kwano zan ba ku, ku tsaya a ƙofar zaure, in kun dawo in tambaye ku abu ɗaya.